Yadda Ake Zaɓa wa Matashi Layi da Tsarin Data: Darasi Daga Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya hau mota a Kabuga ya miƙi titin Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo har ya isa Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, zai ga wani abu a fuskar wayarsa idan ya lura: sandunan sabis suna hawa suna sauka. A wani wurin a ga 4G, a gaba kaɗan ta koma H+, a wani lungun kuma harafin E ya fito, saƙon WhatsApp ya tsaya da alamar agogo ya ƙi tafiya. Tallan data da ake ji a rediyo iri ɗaya ne ga ɗan Zoo Road da ɗan Getso, farashin ma ɗaya ne, amma abin da kowannensu zai mora da kuɗinsa ya bambanta.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Saƙon tes da ake turawa a ₦4 ya koma ₦6. A gidan da kuɗin data ke fitowa daga aljihu ɗaya da kuɗin taki da na cefane, kuskure wajen zaɓen tsari asara ce da ake maimaitawa kowane mako.

Yawancin matasa da farashi suke farawa: wane kamfani ne ya fi ba da data mai yawa a ₦500? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo a ƙarshe. Kafin ita akwai uku: sunan wa layin zai ɗauka, wane sabis ne ke shiga ɗakin da ake kwana, kuma data nawa matashin ke ci a rana.

Mataki na 1: Da sunan wa za a yi rajista?

Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A 2021 kuma NCC ta bayyana cewa sai wanda ya cika shekara 18 ne zai yi wa layi rajista da sunansa, domin sayen layi yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani, yaro kuwa bai kai ƙulla yarjejeniya ba a idon doka. Wanda bai kai ba, mahaifi ko mahaifiya ko mai riƙonsa ne zai yi rajistar da sunansa ya miƙa masa.

Ma'anar haka ita ce duk abin da aka aikata da layin, sunan babban ne zai fito. Idan aka yi damfara ko barazana da lambar, ƙofar mai NIN ɗin za a fara ƙwanƙwasawa. Idan wayar ta ɓata kuma, shi ne zai je ofishin kamfani a yi abin da ake kira welkom bak, a dawo da lambar a sabon sim.

Saboda haka a zaɓi mutumin da ake iya samu cikin sauƙi. Layin da aka yi wa rajista da sunan wani yaya da ya tafi ci-rani Legas, ko wani abokin unguwa da ya girmi yaron da shekara biyu, zai zama ciwon kai ranar da aka sace waya a kasuwa. Mafi muni shi ne sim mai tsohuwar rajista da ake sayarwa a ɓoye: sayar da shi laifi ne, ana iya rufe shi kowane lokaci, kuma wanda ke riƙe da shi ba shi da hujjar da zai ce nasa ne. Idan matashi ya cika 18, sai ya tafi da mai rajistar zuwa ofishin kamfani a nemi mayar da layin sunansa.

Mataki na 2: Layin jarrabawa ba abin wasa ba ne

Ga ɗan aji biyar ko shida na sakandare, lambar waya ta wuce abin hira. Hukumar JAMB tana fara rajista ne da saƙon tes: ɗalibi ya rubuta NIN, ya bar tazara, ya sa lambobinsa 11 na NIN, ya tura zuwa 55019 ko 66019, a ciri kuɗin saƙon, a aiko masa da lambar da zai sayi fom da ita. Daga wannan rana lambar wayar ta manne da sunansa a rumbun JAMB. Wani ɗalibin ba zai yi rajista da ita ba, kuma da ita ake neman sakamako ta tes.

A nan ne ake yawan tafka kuskure. Wani ya ari layin mai shagon kwamfuta, wata ta yi da layin yayarta da ta riga ta yi JAMB da shi a bara, saƙo ya ƙi dawowa. Wani kuma ya jefa sim ɗin a aljihun tsohuwar jaka bayan jarrabawa, sai lokacin neman gurbin karatu a tashi nema.

Layi kuwa yana mutuwa. Bisa ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi wani abin kuɗi da shi ba, kamfani na iya dakatar da shi, idan ya ƙara wasu wata 6 a haka ana iya sayar da lambar ga wani. Wannan ya fi shafar 'yan makarantar kwana, irin 'yan matan da ke karatu a Kabo ko samarin da ke Gwarzo, tun da yawancin makarantun kwana ba sa barin ɗalibi ya riƙe waya. Maganin mai sauƙi ne: a bar sim ɗin a wayar wani a gida, a riƙa sa masa kati kaɗan ana kira ko tura tes ko da sau ɗaya a wata. MTN yana da wani tsari mai suna Keep My Number da ake biya don a riƙe wa mutum lambarsa na tsawon lokaci.

Wani abin lura: saƙon JAMB da kati na ainihi ake biyansa. Katin garaɓasa ba ya aiki a irin waɗannan gajerun lambobi.

Mataki na 3: A gwada sabis a inda za a yi amfani da shi

Manyan kamfanoni huɗu ne: MTN, Airtel, Glo, da 9mobile wanda ya sauya suna zuwa T2 a 2025. Babu wanda za a ce shi ne gwani a ko'ina. Wanda ke gudu a bakin tashar Gwarzo yana iya yin rarrafe a Lakwaya ko Kutama. Wanda ya cika sanduna a cikin garin Kabo yana iya ɓacewa a wani gida a Garo ko Durun. Abin da ke yanke hukunci shi ne nisan gida daga turken sabis, da abin da ke tsakaninsu, da yawan mutanen da ke rububin turken a lokaci ɗaya. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano duk suna rage ƙarfin sabis, shi ya sa ake ganin mutum ya fito tsakar gida kafin murya ta fita.

Gani ya kori ji. Kafin a sayi layi, a ari sim na kowane kamfani daga 'yan uwa ko maƙwabta, a sa a cikin wayar da matashin zai riƙe, a gwada a ɗakinsa sau uku: da safe, da rana, da kuma bayan sallar isha'i. Gwajin dare shi ne mafi muhimmanci, domin a lokacin ne kowa ke hawa intanet, turke ya cika, gudu ya ragu.

Sandunan da ke saman waya ba sa faɗin gaskiya duka. A wayoyin Android irin su Tecno, Infinix, itel da Redmi, a shiga Settings, sannan About phone, a nemi SIM status. Za a ga wata lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta. A kan 4G, daga -90 zuwa sama, kamar -80, sabis ne mai kyau. Wajen -100 ana lallaɓawa. Idan ta kai -110 ko ta zarce, bidiyo zai riƙa tsayawa. Raunin sabis yana kuma shan batir, domin waya tana ƙara ƙarfi wajen neman turke. Ga wanda ke biyan mai caji kullum, wannan ma kuɗi ne.

Dalilin da ya sa ake cewa a gwada a cikin wayar matashin shi ne, kowane kamfani yana da zangon da yake watsa 4G ɗinsa. Ƙananan zango irin 700 da 800 MHz suna tafiya nesa suna ratsa bango, su suka fi amfani a karkara. Manya irin 1800 da 2600 MHz suna ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa. Ba kowace waya ce ke kama kowane zango ba. Misali, Glo yana amfani da 700 MHz, wanda ake kira Band 28, kuma akwai wayoyi da dama, musamman tsofaffi, da ba sa kama shi. Maganar 5G kuwa, wadda MTN ya fara a 2022 Airtel ya biyo a 2023, harka ce da aka fara da manyan birane. Ba dalili ba ne na ƙara kuɗin waya ga wanda ke zaune a ƙauye.

Wanda ya riga ya mallaki lamba amma sabis ɗinta ba ya shiga gida, ba sai ya jefar da ita ba. Tun Afrilun 2013 ana iya ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani. Mai rajistar layin ne zai je ofishin kamfanin da ake son komawa, a cike takarda, a tura PORT zuwa 3232.

Mataki na 4: A auna kafin a saya

Ba a sayen yadi sai tela ya auna mutum. Haka data take. A sayi ƙunshin mako ɗaya, a yi amfani da waya yadda aka saba, a ƙarshen mako a shiga Settings a duba Data usage. Wayar za ta jero kowace manhaja da abin da ta ci. A raba jimillar gida bakwai, an sami cin rana ɗaya.

Sakamakon yakan ba mutum mamaki. Rubutaccen saƙon WhatsApp kusan ba ya cin komai. Kiran murya ta WhatsApp bai kai MB 1 a minti ba. Kiran bidiyo yana cin wajen MB 5 a minti. Awa ɗaya a YouTube a matakin 480p tana iya cin kusan rabin GB, a 720p ta haura GB ɗaya, a 240p kuwa ba ta kai rabin abin da 480p ke ci ba. TikTok da gajerun bidiyon Facebook da Instagram su ne manyan gara, domin suna sauko da bidiyo na gaba tun ba a gama kallon na yanzu ba. Kallon Status ma bidiyo ne, ko da yake mutane ba sa lissafa shi.

Saituna huɗu suna rage ci sosai ba tare da an daina komai ba: a kunna Data Saver a wayar da kuma cikin TikTok, a hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyon guruf da kansa, a sa Play Store ya daina sabunta manhajoji sai a kan Wi-Fi, a kafa YouTube a 360p, wanda ya isa a ƙaramar fuskar waya. Bayan an yi haka sai a sake aunawa na wani makon. Lamba ta biyu ita ce ta gaskiya.

Mataki na 5: Lissafin farashi

Farashi yana sauyawa, don haka a duba na ranar ta *312#. Dabarar lissafin ce ba ta sauyawa: a raba kuɗin da yawan GB da za a iya amfani da shi. Ga misali da lambobin kwatance.

A ce wani ɗalibi a Getso yana cin MB 150 a rana, wato GB 4.5 a wata. A ce kuma yana da zaɓi uku:

Na kwana ɗaya: MB 150 a ₦150. A kwana 30 ya kashe ₦4,500. Kowane GB ya tsaya masa a ₦1,000.

Na mako: GB 1.2 a ₦800. A mako huɗu ya kashe ₦3,200. Kowane GB kusan ₦670.

Na wata: GB 5 a ₦2,500. Kowane GB ₦500.

A takarda na wata ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma idan yaron ya ga GB 5 ya saki jiki ya cinye a kwana 9, sannan ya koma sayen na kullum a sauran kwana 21, ya ƙara ₦3,150 a kan ₦2,500. Jimilla ₦5,650, wato ya fi kowane zaɓi tsada. Ke nan ƙunshin wata na mai iya riƙe hannu ne. Wanda bai saba ba, na mako ya fi masa: idan ya yi ɓarna, ta kwana bakwai ce, kuma zai koyi rabo. Wanda zai ɗauki na wata, ya shiga Data usage ya sa wa wayar iyaka da gargaɗi. GB 5 a kwana 30 bai wuce MB 167 a rana ba.

Sai a kula da tallan da ke haɗa data iri biyu. Idan aka ce GB 10 a ₦2,500, alhali GB 6 daga ciki sai da tsakar dare ake amfani da shi, mai barci da dare GB 4 ya saya. Farashinsa na gaskiya ₦625 ne kowane GB, ba ₦250 ba. Araha ba ta ado.

Mataki na 6: Tsarin kira, garaɓasa da datar dare

Ƙunshin data daban, tsarin da layi ke kai daban. Tsarin shi ke yanke kuɗin kira a daƙiƙa da irin garaɓasar da ake samu. Kamfanoni suna da waɗanda suka yi domin matasa, kamar MTN Pulse da SmartTrybe na Airtel. A 2018 MTN ya fito da mPulse don 'yan shekara 9 zuwa 15. Tsarin da ke ninka kati sau da yawa yakan caji garaɓasar da tsada fiye da kuɗin kira na yau da kullum, kuma tana da wa'adin kwanaki. Matashin da kiransa bai wuce "Baba, na iso" da "Umma, me za a sayo?" ba, ba ya buƙatar tulin garaɓasar kira, data mai sauƙi ta fi masa amfani.

Datar dare ita ce mafi araha, kuma ita ce mafi tsada ga ɗalibi. Wanda ya raba dare yana kallo zai biya da gyangyaɗi a aji da makarar sallar asuba. Hanyar cin moriyarta ita ce a jera darussan bidiyo ko sabunta manhajoji, a sa su sauka, a kife waya a kwanta, da rana a kalla ba tare da data ba. Haka ma ƙunshin da aka keɓe wa WhatsApp ko TikTok kaɗai: yana da sauƙi, amma ba ya buɗe shafin JAMB ko Google. Ɗalibin da ke da shi kaɗai yana da datar hira, ba shi da ta karatu.

Mataki na 7: Ramukan da kati ke zurarewa

Na farko bashi. A tsarin da aka saba, kamfani yana cire kashi 15 cikin ɗari: a ranci ₦500, a ga ₦425, a biya ₦500. Mai yin haka sau biyu a mako yana zubar da ₦600 a mako huɗu, bai yi kira ko na daƙiƙa ɗaya da su ba.

Na biyu rajistar da ba a san an yi ba: waƙar kira, saƙon wasanni, gasar cin kyauta. Danna wani talla sau ɗaya ya isa a riƙa cirar kuɗi kullum. A duba ta *305# a soke, sannan a tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla.

Na uku sabunta kai. Tun 2018 NCC ta hana a sabunta wa mutum data ba da yardarsa ba, amma da yawa suna zaɓar hakan da hannunsu wajen saye ba su karanta ba. A wasu layukan kuma, idan data ta ƙare intanet yana komawa kan kati da farashi mai zafi. A kashe data da zarar saƙon ƙarewa ya shigo.

Na huɗu masu sayar da data a WhatsApp. Akwai na ƙwarai, akwai masu karɓar kuɗi su toshe mutum. A saya wurin wanda aka san shagonsa, a duba *323# a gabansa. Kuma kada a taɓa karanta wa kowa lambobi shida da WhatsApp ya turo ta tes, ko da ya ce daga kamfani yake.

Matasa uku, tsari uku

Ɗan aji shida mai shirin JAMB a Gwarzo: layi ɗaya da sunan mahaifinsa, wanda ba a taɓa yin JAMB da shi ba, ƙunshin mako ko na wata mai buɗe kowane shafi, da ɗan kati na ainihi a ajiye don saƙon 55019.

Ɗalibar makarantar kwana a Kabo: ba ta buƙatar ƙunshin wata. Layinta ya zauna a gida ana raya shi da kati kaɗan, idan an yi hutu a saya mata na mako.

Mai koyon ɗinki ko gyaran waya da ke tura wa kwastomomi hotuna: idan shago da gida ba sabis ɗaya ke kama su ba, waya mai sim biyu ta warware matsalar. Ɗaya ya zama lambar da kowa ya sani, ɗayan na data kawai. Amma kowanne sai an raya shi.

Idan kuɗin daga iyaye yake fitowa, a yanke adadi da rana tun farko: kaza kowace Juma'a, idan ya ƙare sai wata Juma'ar. Wannan ya fi roƙon ₦200 kullum sauƙi ga kowa. WhatsApp, Facebook da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, kuma iyayen da ke son sa ido suna da Family Link na Google da Family Pairing na TikTok.

Lambobin da ya kamata a haddace

Tun 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi, sun zama iri ɗaya a duk kamfanoni:

*310# duba kati
*311* lambar kati # sa kati
*312# sayen data
*323# duba ragowar data
*321# tura kati ko data
*305# soke rajistar da ke cin kuɗi
*996# duba haɗin layi da NIN
300 kiran kamfani
622 kai ƙara NCC, kyauta, bayan an kai wa kamfani bai gyara ba
112 kiran gaggawa

Aikin wannan mako

Mai karatu ya buɗe Data usage yau ya rubuta manhajoji uku da suka fi cin datarsa. Ya duba lambar dBm a ɗakinsa bayan isha'i. Ya tambayi kansa sunan wa ke kan layinsa, kuma ko zai iya samun mutumin gobe idan waya ta ɓata. Tsarin data ana sauya shi cikin minti ɗaya ta *312#. Lambar da aka yi JAMB da ita kuwa, idan aka sayar wa wani, ba a dawo da ita da danna waya.